Ruwa ya sauka a Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, kwanon rufin shagonmu ne ruwa ke duka. Ruwa fa, wallahi! Bari in juya muku wayar. Kun gani? Nan Agege ne, bayan layin dogo. Tun da hunturu ya wuce ba mu ga ko ɗigo ba, sai zafi mai maiƙo, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. Ɗazu bayan la'asar hadari ya haɗo ta kudu, iska ta kwashi ledoji ta yi sama da su, kafin ka ce kwabo ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Wuta kam tun a iskar farko aka ɗauke, wannan ba labari ba ne.

Abin da ya ɓata mini rai, maƙwabciyarmu mai abinci sai tsaki take ja, wai an kashe mata kasuwa. Na ce Mama, ki gode wa Allah mana. Ba laifinta ba ne, ba ta san fari ba. Wanda ya taɓa bin liman filin idi sallar roƙon ruwa, an fito da yara da tsofaffi, an juya riguna, rana na dukan ƙeya, gero ya yi yaushi a gona, ba zai yi wa ruwa tsaki ba ko da ya jiƙa masa katifa. Mu a ƙasar Katsina har yau dattawa ba su daina zancen farin 1973 da na 1984 ba, shekarun da mai garke ya wayi gari daga shi sai sanda.

Ni kuma murnata biyu ce, domin ruwan nan hanyar gida ya nufa. Iskar da ke ɗauko shi daga teku take tasowa, ta fara sauke shi nan Legas wajen Maris zuwa Afrilu, sannan ta yi ta hawa arewa a hankali, ba ta isa wajenmu sosai sai Yuni. Da Oktoba ta kama kuma ta juyo, iskar hamada ta biyo bayanta da hazo. Mu ne na ƙarshen samu, mu ne na farkon rabuwa da shi. Nan kuwa damina har biyu suke ci: a yi ta tafkawa a Yuni da Yuli, a ɗan tsagaita a Agusta, daidai lokacin da can gida ake marka, a dawo a Satumba. To ina za su san darajarsa?

Na kira Yaya ɗazu na kanga masa wayar ya ji ƙarar. Ya yi dariya ya ce su ana nan ana fama da bazara, ana sharar gona da kai taki. Na ce Yaya, don Allah bana kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko. Yanzu damina ba ta da alƙawari, sai a yi ruwa ɗaya mai kyau a ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. In ya tashi zuwa kuma ya zo da fushi. Ku tuna Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Ga ƙanena can ya jingine kura ya yi tagumi. Jiya jarka ɗari uku yake sayarwa ana layi, yau kowa ya tara bokiti a bakin indararo. Haƙuri ƙane, rani na dawowa! Tumatir ma ku shirya, da noman rani ya ƙare a arewa za ku ji kuɗin kwando a kasuwar Mile 12.

Ku masu shirin zuwa ci-rani, ku ji da kyau. Kada ka kama ɗaki a Legas da rani ba ka duba gindin bango ba. In ka ga shatin ruwa ya kai gwiwa, ko kyauta aka ba ka ka wuce. In titi ya cika kada ka ce za ka ratsa, kwatocin garin nan buɗe suke kuma suna da zurfi, ga wayoyin wuta a ƙasa. Direbobin danfo kuwa da sun ga hadari sun ninka kuɗin mota, ka riƙe canji a aljihu.

Kai, ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Yaro, ɗauke buhun shinkafar nan ka ɗora kan benci! Jama'a, sai anjima.