Darasi: Idan Manhaja Ta Ƙi Haɗuwa A Kan Tsohon Kanel

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Birnin Kebbi. Wani ɗan'uwa daga Argungu ya turo min hoton allon kwamfutarsa. Tsohuwar saba (server) ce mai CentOS 7, wani nau'in Linux, ya buga make, umarnin da ke haɗa manhaja daga lambarta, aiki ya tsaya cak da saƙon "sys/random.h: No such file or directory". Ya ce sabon kanel zai ɗora. Malam, dakata tukuna.

Ku duba allona, na kunna irin tasa. Na buga uname -r, ta ce 3.10. Kanel ke nan, zuciyar Linux. Na buga ldd --version, ta ce 2.17. Wannan kuma glibc ce, ita ce ɗan aike tsakanin manhaja da kanel. Nan mutane ke ruɗewa, suna ɗaukarsu abu guda.

Aikin da manhajar ke nema sunansa getrandom, mai ba da lambobin da ba a iya hasashensu. Ya shiga kanel a 3.17, shekarar 2014, amma fayil ɗin sys/random.h sai a glibc 2.25 ya zo, a 2017. Kun gani? Ko ka ɗora kanel na jiya-jiya, fayil ɗin ba zai fito ba, don ba daga can yake zuwa ba. A lokacin haɗawa ma ba a kai ga tambayar kanel komai ba.

To me za a yi? Fara da make distclean don share ragowar haɗin baya, ka sake gudanar da configure, domin manhajoji da yawa suna duba abin da na'ura ke da shi su bi wata hanyar da kansu. In bai yi ba, a cikin lambar a kira getrandom kai tsaye daga kanel da syscall, idan kanel ya amsa da ENOSYS, wato "ban san wannan ba", sai a koma karanta /dev/urandom, fayil ɗin da ke ba da irin waɗannan lambobin.

Abin da nake roƙonku don Allah: kada ku sauya glibc da hannu. Na taɓa yi a sabar wani ofis. Daga ls har ssh duk a kanta suka dogara, nan take komai ya mutu, na kwana ina ceto na'urar da filashi ga wuta ana ɗaukewa. Ba na so wani ya sha wannan wahalar.

Wani zai ce ai sai Docker, mai kunna manhaja a cikin keɓaɓɓen akwati. Eh, tana ba ka sabuwar glibc, amma kanel ɗin dai na sabarka ne, aronsa take yi. Misali, in ka kunna Ubuntu 22.04 a cikinta, tana da glibc 2.35, wadda ke fara gwada wani aikin kanel mai suna clone3, shi kuwa sai a kanel 5.3 ya zo. Tsohuwar Docker takan amsa da EPERM maimakon ENOSYS, sai glibc ta ɗauka hana ta aka yi, ba ta komawa tsohuwar hanya. Ɗaga Docker zuwa 20.10.10 ko sama. Kana son ganin wannan da idonka, sa strace, mai nuna kiran da manhaja ke yi wa kanel, a gaban umarnin, ka duba layukan ƙarshe.

In kuma gcc 4.8.5, mai fassara lambar, ce ta tsufa, devtoolset mai ɗauke da sabuwarta na nan. Sai dai tallafin CentOS 7 ya ƙare tun 30 ga Yuni 2024, dole ka juya yum, mai sauko da manhajoji, zuwa vault.centos.org kafin ta sauko da komai.

Ɗan'uwa na Argungu, gwada distclean ɗin yau, ka turo min kuskuren farko da ya fito, ba na ƙarshe ba.