Linzamin garkuwar jiki: abin da ya haɗa limfoma da dashen ƙoda

[Hoto: hannu riƙe da waya, saƙon murya na tafiya]

Assalamu alaikum jama'a. Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, ina jin ba wayar da bai shiga ba a Maraɗi. Ni kaɗai sau 4 aka turo mini shi. Mai maganar cewa yake an samo allurar da ke ƙara ƙarfin garkuwar jiki har ta cinye ciwon daji, wai duk mai rauni ya neme ta, musamman waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, tunda garkuwarsu ta fi ta kowa rauni.

Farkon maganar akwai gaskiya a ciki. Ƙarshenta kuwa yana iya raba mutum da ƙodarsa.

Wata baiwar Allah ta aiko mini da tambaya. Maigidanta an yi masa dashe, ƙanensa ne ya ba shi ƙodar. Ta ce: "Ashe ƙwayoyin da Malam ke sha safe da yamma rage masa garkuwa suke yi? To me ya hana a ba shi mai ƙarawa?" Hajiya, wannan bidiyon naki ne, ki gyara zama.

[Hoto: jini a ƙarƙashin madubin likita]

Bari mu yi sauri a nan. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun jiki. Fararen ƙwayoyin jini na ce, kada wani ya ji farin jini ya fara gyara hula. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Aikinsu sintiri: su bi ƙwayoyin halittar jiki suna duba shaidar da ke jikin kowace. Sunan shaidar HLA, kuma kowa gadonta ya yi, rabi daga uwa rabi daga uba, kamar zanen fuska da a da ake gane ɗan gida da shi. In ƙwayar T ta ga shaidar gida lafiya lau, ta wuce. In ta ga baƙuwar shaida, ko ta gida da ta gurɓace, ta kai hari.

Shi ke nan. Wannan kusan kowa ya san shi. Abin da ba a faɗa shi ne me ke tsayar da ita in ta fara.

[Hoto: hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, dawakai na sukuwa]

Ku dubi dokin nan da kyau. Ku bar kwalliyar, ku dubi bakinsa.

[A rage gudun hoton daidai inda mahayi ya ja ragama, doki ya tirje gaban jama'a]

Kun ga inda ya tsaya? Taku biyu ya rage tsakaninsa da yaran can. Ƙarfin doki bai ragu ba ko kaɗan. Linzami ne a bakinsa, ragama kuma a hannun mahayi.

Ƙwayar T ma tana da linzami. Wani ɗan makarɓin saƙo ne a fatarta, sunansa PD-1. Ku riƙe wannan: ba kullum yake fitowa da yawa ba, sai ƙwayar ta zabura ta shiga faɗa sannan yake bayyana. Wato jiki na sakin doki yana sa masa linzami a lokaci guda. Hannun da ke jan ragamar kuma wani sinadari ne mai suna PD-L1, da ɗan uwansa PD-L2, kuma a jikin sauran ƙwayoyin halitta suke. In faɗa ya yi zafi a huhu ko a hanta, ƙwayoyin wurin sai su ƙara fito da PD-L1. Da ya haɗu da PD-1 sai saƙo ya shiga cikin ƙwayar T: ya isa haka, sassauta, nan gida ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk karatun nan shi ne mabiyiya. Ɗan da ke ciki rabin shaidarsa ta ubansa ce, baƙo ne ga jikin uwa, amma ya kwana wata 9 ba a kore shi ba. Cikin dabarun da ke kare shi har da wannan: mabiyiya cike take da PD-L1. Ikon Allah, tun kafin a haifi mutum an riƙe masa ragama.

[Hoto: Tasuku Honjo]

Wannan dattijon shi ne Farfesa Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan. A ɗakin bincikensa aka gano PD-1 a 1992. A lokacin abin da ke sa ƙwayar halitta ta mutu suke nema, shi ya sa haruffan sunan ke nufin tsararriyar mutuwa, kuma sunan ya zauna ko da aka gane aikinsa daban ne. Yadda aka gane kuwa, ɓeraye aka samar marasa PD-1 gaba ɗaya. Ai da sai a ce sun huta, garkuwa ba takunkumi. Sai ga wasu da ciwon gaɓoɓi da na ƙoda, wasu zuciya ta kumbura ta gaza. Dakarunsu ne suka juya kansu. A 2018 Honjo ya raba kyautar Nobel da James Allison na Amurka, wanda ya yi aiki a kan wani linzamin daban mai suna CTLA-4.

[Hoto: likita na taɓa wuyan mara lafiya]

Yanzu limfoma. Ciwon daji ne na su dakarun da kansu, kuma yakan fara a wuraren da kaluluwa ke fitowa: wuya, hammata, matsematsi. Bambancinsa da kaluluwar da muka saba, wannan sau da yawa ba ya zafi, kuma ba ya sacewa. Wani lokaci da zazzaɓi, da gumin dare mai jiƙa shimfiɗa, da rama. A nan wurinmu tarin fuka ma yana kumbura wuya haka, don haka ido ba ya raba gardama, sai an yanki ɗan ƙullutun an duba. Kullum ina roƙo, kumburin da ya yi makonni bai tafi ba, a kai shi likita kafin a kai shi ga wanzami.

Limfoma iri-iri ce. Wadda ta shafe mu yau ita ce ta Hodgkin, sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1832.

[Hoto: ƙwayar Reed-Sternberg, a kusanto da ita]

Kun ga idanun nan biyu kamar na mujiya? Ita ce ƙwayar cutar. In aka yanka ƙullutun, irinta ba su cika wuce 1 ko 2 cikin 100 ba. Duk sauran taron da ke kewaye da ita dakarun jiki ne. Sun zo, sun gan ta, sun yi mata zobe, sun tsaya.

Me ya tsayar da su? Ta saci ragama. A yawancin masu wannan cuta, ƙwayar tana da ƙarin kwafi na ɓangaren gado da ke ƙera PD-L1 da PD-L2, a kan kuromozom na 9, wato ɗaya daga cikin ƙunsoshin gado da ke cikin ƙwayar halitta. Hannu ɗaya ya kamata ta samu, sai ta fito da hannuwa birjik, duk dokin da ya matso ta cafke. Dokin da aka yi ta ja wa linzami wata da watanni kuwa, ƙarshe ko an sake shi ba ya zabura kamar da. Likitoci ma gajiya suke kiran wannan hali.

To ga allurar da ake magana. Akwai nivolumab, akwai pembrolizumab, yawanci ta jijiya ake ba da su kamar ƙarin ruwa, duk bayan ƴan makonni. Nan ne mai saƙon murya ya ɓace hanya, don haka zan tafi a hankali.

[Zane: ƙwayar T, linzami a bakinta, hannu na miƙowa]

Allurar ba ta taɓa ƙwayar dajin. Ko kusa da ita ba sai ta je ba. Kan PD-1 take sauka, a jikin ƙwayar T, ta lulluɓe shi.

[Zane: hannu ya kai, ya zame]

Hannu ya miƙo, ba wurin kamawa. Ba ta ƙara wa doki tsoka ba, ba ta ba shi dawa ba, ba ta haifo sababbin dawakai ba. Wurin riƙo kawai ta toshe.

A sake nuna shi, don Allah.

[Zane ya maimaita]

Sai tambaya ta biyu: wane doki ta lulluɓe wa linzami? Duk wanda ta tarar. Abin da aka zuba a jijiya jini ne ke ɗaukarsa, jini kuwa ba ɗan kabu-kabu ba ne da za ka ce masa kai ni unguwa kaza ka tsaya ƙofar gida kaza. Ko'ina yake zuwa. Dakarun da ke kewaye da ƙwayar mujiya sun kuɓuta, haka ma na hanji, da na huhu, da na fata, da na maƙoshi.

Ga mai limfomar Hodgkin, wannan ciniki ne da sau da yawa yake biya. A wani gwaji da aka wallafa a 2015, mutum 23 da cutar ta dawo musu bayan an sha gwada magunguna aka ba nivolumab, 20 daga cikinsu ƙullutun ya ragu ko ya ɓace. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan cuta. Amma ko a cikinsu akwai masu biyan farashi: gudawa mai tsanani, kumburin huhu, ƙuraje, rikicewar tayirod, wato abin nan na maƙoshi da in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Kuma kada tsadar allurar ta karya wa kowa gwiwa. Limfomar Hodgkin na cikin ciwon dajin da aka fi warkarwa, fiye da 8 cikin 10 a inda magani ya wadata, kuma yawancin wannan nasara da tsofaffin magungunan kashe ƙwayar daji, wato shimiyo, da gashin haske aka same ta.

[Hoto: hanyar Ɗan Isa, motoci sun nufi Jibiya]

Yanzu mu koma gidan Hajiya.

Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi a Boston a Disamban 1954, Dakta Joseph Murray ne ya jagoranta, kuma tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. Shaidarsu guda ce, dakaru ba su ga baƙo ba. Ga kowa ban da irin waɗannan tagwaye, ƙodar baƙuwa ce, ko da ta ƙanenka ce ciki ɗaya. Shi ya sa mutanenmu da ke bin wannan hanya zuwa Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashe tun 2002, ko masu tafiya ƙasashen waje, dukansu da ledar magani suke dawowa: takrolimus, mikofenolat, firednisolon.

Waɗannan su ne dabaibayi. Daga waje ake ɗaura su a ƙafar doki, kullum, har iyakar rayuwar dashen. Amma ba su kaɗai ke tsare ƙodar ba. Ita ma baƙuwar tana fito da nata PD-L1, tana riƙe da ragamar dakarun da suka gane ta. Shekara 5, shekara 10, tana zaune lafiya, dabaibayi a ƙafa, linzami a baka.

Sai a zuba allurar nan.

[Zane: ƙoda, hannunta ya zame daga ragama, dawakai sun juyo]

Ba sai na yi dogon bayani ba, kun gani. Da likitoci suka tattara labarin masu dashe da aka ba irin wannan allura saboda ciwon daji, kusan 4 cikin 10 jikinsu ya tasar wa dashen, sau da yawa cikin makonnin farko, kuma da yawa daga cikinsu sun rasa shi ɗungurungum. Mai ƙoda yana da wurin komawa, wato wankin ƙoda, duk da wanda ya taɓa zaman injin nan sau 2 ko 3 a mako ya san ba wurin da ake marmari ba ne. Mai dashen hanta ko zuciya ba shi da irin wannan madogara.

Abin tausayin shi ne masu dashe sun fi sauran mutane haɗarin ciwon daji, saboda dabaibayin nan dai. Akwai ma limfomar da ke biyo bayan dashe, wadda sau da yawa ƙwayar cutar Epstein-Barr ke tayarwa, ita ce wadda aka fara ganowa a 1964 a cikin ƙullutun wata irin limfoma mai suna Burkitt da aka kai Landan daga Yuganda. Kusan dukanmu muna ɗauke da ita tun yarinta, dakaru ne ke danne ta. In hakan ta faru, likita yakan fara da sassauta dabaibayi kaɗan, ya ƙara da wani magani mai suna rituksimab da ke bin wata shaida daban, CD20. Wani lokaci ciwon daji kan matsa har a yi shawarar taɓa linzamin ma. Amma shawara ce ta likitan ƙoda da likitan daji a zaune tare, da awon jini a kai a kai, mara lafiya kuma ya san abin da ya sa a faifai. A ganina duk wanda ya tura saƙon can ba tare da wannan ba ya ɗauki alhakin da bai san nauyinsa ba.

[Hoto: ledar magani a kan tabarma, kofin ruwa a gefe]

Hajiya, ga amsarki. Raunin garkuwar Malam da gangan aka yi shi, kuma awo ne da shi, shi ya sa ake ɗibar jininsa ana duba yawan takrolimus. Kada ya tsallake ko sha ɗaya. Duk abin da aka kawo da sunan ƙara garkuwa, na kanti ne ko jiƙo, a nuna wa likitansa tukuna. Har maganin asibiti ma: rifamfisin da ake bayarwa don tarin fuka yana zubar da ƙarfin takrolimus sosai, dole a gyara awo in za a haɗa su. In fitsarinsa ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko wurin dashen ya yi ciwo, a tafi a ranar.

Ki samo ƴar takarda ki rubuta shekarar da aka yi dashen, da sunayen magungunan, da yawan da yake sha. Ki sa a leda saboda gumi, ki saka masa a aljihun gaba na rigarsa. Duk likitan da zai rubuta masa ordonas, ita zai fara miƙa masa. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, Ya saka wa ƙanensa da alheri.

[Hoto: mahayi ya sauka, yana shafa wuyan doki]