Gonar Baba a Dass da kuɗin irin da ba mu biya ba

Sakatare, dakata da rahoton tukuna. Ɗan'uwanmu da ke zaune can baya ya nuna mini hoton gonar mahaifinsa a Dass, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Dawa ko gwiwa ba ta kai ba, ganye duk ya ƙone, furen wuta-wuta ya rufe kunya-kunya. Gonar da a da take cika rumbu!

Sau biyu yana tura kuɗin maganin feshi daga nan Ingila. To feshi me zai yi? Wuta-wuta a ƙarƙashin ƙasa take kama saiwa tana tsotso, kafin ta leƙo ta gama ɓarna. Irinta kuma yakan fi shekara 10 kwance yana jira.

Jama'a, Allah bai bar tsiro haka nan ba, ya ba shi makaminsa. Wanda ya taɓa shuka a gindin bishiyar turare ya ga yadda wurin yake zama fayau. Dawarmu ma haka: saiwarta na tsatso wani maiƙo da ke danne ƙananan ciyayi. Sai dai akwai wani sinadarin da take fitarwa, shi ne ke tashin wuta-wuta daga barci. Nan waken suya yake da amfani. Shi ma saiwarsa na yin wannan kiran, wuta-wuta ta tsiro, ta rasa inda za ta kama, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Auduga da gyaɗa ma suna yi. A Kenya har wani ganye ake shukawa tsakanin masara, wanda ke hana wuta-wuta kama saiwa.

Shi ya sa muka ce kowa ya kawo fam 20, a sayi irin waken suya a kai gida kafin ruwa ya sauka. Haba 'yan Bauchi! Mu da tuwon dawar nan ya raina, har yau rabinmu ba su biya ba? Ni kunyar Baba nake ji, don na ce a gaya masa iri na nan tafe.

Kuɗin zaure an biya, maganar walimar Sallah sai zama na gaba. Ma'aji na bakin ƙofa da littafi. Don Allah kada wanda ya ɗauki rigar sanyinsa bai tsaya wurinsa ba.