Sitem sel da sikizofireniya: ina ake kai ƙwayoyin da aka ciro daga hancin majinyaci?

Jama'a barkanmu. Maganar nan da ke ta yawo cewa wai masana sun gano yadda za a warkar da sikizofireniya da sitem sel, wato ƙwayoyin tushe da ke haifar da sababbin ƙwayoyi a jiki, ita za mu warware yau, sabida akwai binciken gaskiya a ƙarƙashinta, kawai dai mataki ɗaya mutane suka juya kansa ƙasa, kuma shi ne matakin da ya fi komai daɗin ji.

Bari mu yi sauri a nan. Sikizofireniya ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, ko ya yarda da abin da bai faru ba, tunaninsa ya warwatse, ya janye daga mutane. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na ɗauke da shi, kuma galibi yakan bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu. Tun 1987 wasu masana, cikinsu har da Daniel Weinberger a Amurka, suka kawo ra'ayin cewa tushen abin yana can baya, tun lokacin da ake gina ƙwaƙwalwar a cikin mahaifa.

Ku kalli wannan zanen. Wannan ƙwaƙwalwar ɗan tayi ce, wajen wata uku zuwa biyar. Ƙwayoyin jijiya ba a inda za su yi aiki ake haifarsu ba, a can ciki ake haifarsu, sai kowacce ta kama dogon zaren nan ta bi shi zuwa waje har ta isa layinta. Layi shida ne, kuma waɗanda suka zo daga baya sai sun wuce na farko sannan su tsaya. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Pasko Rakic, ne ya bayyana wannan tafiyar a farkon shekarun 1970. To idan wasu suka tsaya kafin su kai, ko suka zarce, wayoyin da za a haɗa daga baya za su haɗu a karkace. Tambayar kenan: haka ke faruwa ga mai sikizofireniya?

Matsalar ita ce ba yadda za a yi ka duba. Mutumin da ke gaban likita ya kai shekara ashirin da biyu, tafiyar da kake son gani ta ƙare tun kafin a haife shi, kuma ba mai buɗe kan mutum mai rai dan ya ɗebo ƙwaƙwalwa.

A nan hanci ya shigo. Eh, hanci.

Farfesa Alan Mackay-Sim na Jami'ar Griffith da ke Birisben a Ostireliya, wanda aka ba lambar Gwarzon Ostireliya na 2017 kuma ya rasu a 2023, ya shafe shekaru yana aiki a kan wani ɗan fili da ke can saman kogon hanci, inda jijiyoyin jin ƙamshi suke. Wurin yana sabunta jijiyoyinsa har tsufa, sabida akwai sitem sel a ciki, wato ƙwayoyin tushe da ke haifar da sababbi. Likitan hanci zai sa maganin kashe zafi, ya tsinko ɗan mitsitsin nama, mutum ya tashi ya tafi gida a ranar.

Yanzu ku natsu, nan ne wurin. Ƙwayoyin nan da aka ciro, ina suke zuwa? Faranti suke zuwa, cikin ruwan abinci mai launin ja-ja ɗin nan da kuke gani, a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37. A nan suke girma, a nan ake kallonsu, wasu a daskarar da su a ajiye dan gaba. Ba a mayar da su jikin majinyacin, ba allura, ba tiyata, ba komai. Wanda ya ba da naman hancinsa ya taimaki bincike ne, bai karɓi magani ba, kuma an faɗa masa haka kafin ya sa hannu.

Ni a ganina ruɗanin yana da dalili, dan shi wannan farfesan ya taɓa yin wani gwajin daban tun 2002, inda aka ɗauki wani nau'in ƙwayoyin hanci aka dasa su a lakar masu rauni a ƙashin baya, dan a ga ko yin hakan ba shi da haɗari. Mutum ɗaya, hanci ɗaya, aiki biyu, sai labarin ya cakuɗe a bakin mutane. Amma na sikizofireniya kallo ne zalla.

To me ake kallo? Ku duba bidiyon nan. Kyamara ce a kan madubin ƙara girma tana ɗaukar hoto bayan kowane 'yan mintoci na tsawon awanni, aka haɗa aka ƙara masa gudu. Kowane ɗigo ƙwaya ɗaya ce, layin da ke bayanta kuma sawunta ne da kwamfuta ta zana.

Bari mu matso kusa da guda ɗaya. Kun ga gabanta ya baje ya yi fale-fale? Tafiyarta kamar ta jariri mai rarrafe ce, ta miƙa gaba ta dafe ƙasa, ta jawo jiki, sannan ta saki na baya. Ɗigo-ɗigon nan masu haske a gefenta su ne madafarta, tarin furotin ne da ke manne ta da abin da take tafiya a kai, suna haɗuwa suna wargajewa ba tsayawa. Idan suka riƙe da ƙarfi sosai ba za ta motsa ba, idan suka saki da wuri sai ta yi ta zuruf-zuruf.

A binciken da ƙungiyar Mackay-Sim ta fitar a 2013, sun kwatanta ƙwayoyin majinyata tara da na masu lafiya tara. Na majinyatan ba sa mannewa sosai, madafansu ƙanana ne kuma ba su da yawa, suna saurin wargajewa, dan haka sun fi gudu. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce ashe gudu ne matsalar. Ku ɗan jira.

Abin da ya biyo baya a 2016 da 2017 shi ne ni ya fi tsaya min a rai. Sai suka canza ƙasan farantin. A cikin jiki ai ƙwaya ba a kan roba take tafiya ba, a kan wata shimfiɗar furotin take, kuma shimfiɗar ce ke gaya mata ƙara sauri, rage, tsaya nan. Da aka shafa wa farantin irin waɗannan furotin, ƙwayoyin masu lafiya suka canza tafiyarsu daidai da abin da aka shafa. Na majinyata kuwa ko a jikinsu, tafiyar da suke yi ita suka ci gaba da yi. Haka aka gani da rilin, furotin ɗin da ke taimaka wa ƙwayoyin jijiya su san layinsu. Akwai wani ɓera da aka fara bayaninsa a Edinbura ta Sikotilan a 1951 mai tafiya yana tangaɗi, layukan ƙwaƙwalwarsa a hargitse, sai a 1995 aka gano rilin ne ba shi da shi. Kuma da aka duba ƙwaƙwalwar masu sikizofireniya bayan rasuwarsu, an samu rilin ɗin ya ragu da kusan rabi. Kenan ƙwayar tana da ƙafa, tana tafiya, saƙon hanyar ne ba ya shigarta yadda ya kamata.

A nan ba mu da hoton da za mu nuna muku, sai dai ku saurara, sabida dole a ja birki. Ƙwayar hancin babban mutum a faranti ba ita ce ƙwayar ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba, ta dai ɗauko gadon mutumin ne, shi ya sa ake fatan halinta zai nuna wani abu game da abin da ya faru tun can. Mutum tara kuma ba yawa ba ne. Sannan babban binciken gado na 2022 ya samu wurare 287 a cikin DNA da ke da alaƙa da ciwon, ga kuma abubuwan da ba gado ba, irin su matsala lokacin haihuwa da shan wiwi da yawa a ƙuruciya. Tafiyar ƙwaya yanki ɗaya ce a cikin wannan duka. Kuma dan Allah, babu wata uwa da za ta ji wannan ta ɗora wa kanta laifi, abu ne da ba a gani ba a ji lokacin da yake faruwa.

Da sauri, akwai hanya ta biyu. A 2006 Shinya Yamanaka a Japan ya nuna za a iya mayar da ƙwayar fata ta koma sitem sel da abubuwa huɗu kacal, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012. Kristen Brennand, a cibiyar Salk da ke Kalifoniya, ta bi wannan hanyar a 2011 da fatar majinyata huɗu, ta mayar da ita jijiyoyi, ta ga ba sa haɗuwa da juna kamar na masu lafiya. Daga baya da ta auna tafiyar ƙwayoyin, tafiyar nata raguwa ta yi, alhali ta na hanci ƙaruwa ta yi. Ɗaya ya ce sauri, ɗaya ya ce jinkiri, duka biyun dai sun nuna tafiyar ba daidai take ba, kuma ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne, ba a shimfiɗa ɗaya aka gwada su ba.

Dan haka duk wanda ya ce muku ku kawo kuɗi a yi wa ɗan'uwanku allurar sitem sel ta sikizofireniya, babu irin wannan maganin da aka tabbatar, kar kuma ku bari ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai, wallahi dawowar ciwon bayan an yanke magani ba ƙaramin abu ba ne.

Amfanin farantin a wajen gwada magani yake. Ku kalli wannan tiren mai ramuka 96, kowane rami da ƙwayoyin majinyaci a ciki, a ɗiga wa kowanne sinadari daban a ga wanne zai gyara tafiyar, ba tare da mutum ya haɗiyi komai ba. Ƙungiyar Birisben da suka toshe wasu furotin na madafan nan, gudun ƙwayoyin majinyata ya sauko daidai da na masu lafiya. Ita ma Brennand ta ɗiga magungunan da ake bai wa majinyata a kan jijiyoyinta, guda ɗaya mai suna loksafin ya ƙara musu haɗuwa. Duka wannan a faranti ya faru, kuma duk sinadarin da ya ci wannan jarrabawar sai ya bi ta gwajin dabbobi, sannan gwajin mutane mataki uku, kafin likita ya iya rubuta shi.