Daƙiƙa Sittin a Gadabeji: Soja, Mahalbi da Kurman Jirgi

Assalamu alaikum masu kallo, daga nan Maraɗi. Ku biyo ni mu shiga daji.

Shekara ta 2090 ce. Dare ya raba, hunturu na kaɗawa a gandun dajin Gadabeji, can arewa da Dakoro. Wani matashin soja na kwance bayan tudun rairayi, bindiga a kafaɗa. Hular kwanon da ke kansa tana da gilashi mai ganin zafin jikin duk mai rai, ko da kuwa duhu ya kai a soka wa mutum tsinke a ido. Taku talatin a gabansa, wani tsoho ya durƙusa a gindin aduwa, riƙe da harba-ka-ruga irin ta kaka da kakanni. Gaba kaɗan raƙumin dawa na cin ganyen ƙaya, bai san abin da ake ciki ba. A sama kurman jirgi, wato jirgi marar matuƙi, na shawagi. Sai wata murya ta ce a kunnen sojan: "Mutum ɗaya, ɗauke da makami, cikin haramtaccen yanki. Saura daƙiƙa sittin."

Mu dakata a nan. Wannan cirko-cirko tsakanin soja da mai farautar sata yana yawan fitowa a ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran da ke ɗaukar fasahar yau su tura ta gaba su ga inda za ta kai mu. Sau da yawa akan kai shi wata duniya, a sa dabbar da ba a taɓa gani ba. Ni a Gadabeji na ajiye shi, don kayan haɗin labarin duk suna nan a jiharmu, kuma na gaske ne.

Tun 1955 aka keɓe Gadabeji, kimanin hekta dubu 76, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take karewa don mutum da dabba su rayu tare. A da raƙuman dawa na yawo a wannan yanki, har fari da farauta suka share su a wajajen shekarun 1970. Irin raƙumin dawan da muke da shi, mai hasken fata, a Nijar kaɗai ya rage a duniya. A 1996 guda 49 aka ƙirga, a yankin Kure kusa da Yamai. Ku sake jin adadin, 49. Garken shanun Bafulatani ɗaya ya fi haka. Da tsaro da haƙurin manoman yankin suka hayayyafa har suka wuce 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko takwas daga cikinsu a manyan motoci, aka yi tafiyar da ta wuce kilomita 800, aka sauke su a Gadabeji bayan kusan shekara hamsin babu su. Idan dabba takwas ce kacal a daji, harsashi ɗaya ba ƙaramin ɓarna ba ne. Wannan shi ne nauyin da ke wuyan sojan labarinmu, kuma ban yarda marubuci ya raina shi ba.

Fasahar ma ba mafarki ba ce. Yau ɗin nan ana maƙala wa raƙuman dawa ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana, suna aika inda dabbar take ta tauraron ɗan Adam. A Afirka ta Kudu, inda aka kashe karkanda 1,215 a shekarar 2014 kaɗai, an yi ta tayar da jirage marasa matuƙi masu kyamarar zafin jiki don neman masu farautar sata da dare. A Botsuwana sojoji sun daɗe suna aikin gadin namun daji. Abu ɗaya tak na ƙara a labarina: an ba jirgin izinin harbi da kansa. Haka labarin kimiyya mai kyau yake aiki, taku guda yake ƙarawa a kan abin da muka riga muka sani, sai tsoron ya zama na kusa.

To me ke sa zuciya ta riƙa bugawa a irin wannan fage? Ba girman bindiga ba ne. Sojan ya fi ƙarfin tsohon nesa ba kusa ba, kowa ya sani. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne lokaci da aka ƙwace daga hannun mutum. A da, ɗan gandun daji in ya ci karo da mahalbi, akwai sallama, akwai "daga ina?", akwai "ɗan wane ne kai?" Cikin wannan ƴar taɗin ake gane ko ɓatan hanya ne, ko makiyayi ne ke bin sawun dilan da ya ɗauke masa ɗan akuya, ko kuwa da gaske ɓarna ce ta kawo shi. Gilashin da ke fuskar sojan jan tabo kawai yake nuna masa, mai siffar mutum, da dogon ƙarfe mai sanyi a hannu. Ba ya nuna furfura. Ba ya nuna cewa rumbu ya ƙare tun kafin bazara.

Nan nake so in daɗe, don nan marubutanmu ke yawan yin gaggawa. Suna kiran kowa "mafarauci" su wuce. Mu kuwa a ƙasar Katsina da Gobir mun san mahalba sana'a ce mai sarki, mai kirari, mai layu da karnuka, mai lokacin fita da lokacin bari. Mahalbi ne ya san maganin sarar maciji, shi ake kira in kura ta addabi gari. Birane nawa ne a ƙasar Hausa tarihinsu ke cewa mahalbi ne ya fara sare wurin? Daban yake da mai zuwa da mota ƙirar ƙwarai da bindiga mai sarrafa kanta, ya kori garken barewa har su faɗi, ya loda ya tafi. Daban yake da manyan baƙi masu shaho da ke zuwa farautar tuje. Dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta hana taɓa dabbobin da aka kare, kuma daidai ne. Amma a zahiri wanda ya fi saurin shiga hannu shi ne mai tafiya a ƙafa.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci da dole in faɗa. A gabas, a yankin Termit da Tin Tuma da aka keɓe a 2012, akwai wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks. A 2016 masu bincike suka bi ta sama da ƙasa, uku kawai suka gani. Ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ta danganta hakan da aikin haƙar man fetur a yankin, da kuma farautar da masu kaki da ke rakiyar ma'aikatan man suka riƙa yi. Ina faɗar wannan da ganin girman sojojinmu da ke kwana a daji don mu yi barci. Sai dai mai rubuta labari ya sani cewa kaki ba ya mayar da mutum waliyyi, tsumma ma ba ya mayar da shi ɓarawo. Sojan labarinmu ya san wannan tarihi, shi ya sa yatsansa ke rawa.

Shi ma tsohon kada a wanke shi tas. A labarina harbin ya zo yi da gaske. Shanunsa sun mutu, rijiyar da kakansa ya haƙa ta faɗa cikin shingen gandu, wani ɗan kasuwa kuma ya yi masa alkawarin kuɗi a kan wutsiyar raƙumin dawa. Yana da dalili, kuma abin da zai aikata ɓarna ce da ba ta gyaruwa. In ka sa ɗayansu ya zama mugu zalla, ka huce wutar fagen tun kafin ta kama, don mai kallo ya riga ya san wanda yake so ya mutu.

Abu na ƙarshe da fagen ke bukata shi ne ƙa'idar na'urar, kuma a sanar da mai kallo ita tun da wuri. Tawa ga ta: jirgin ba ya harbi in akwai soja cikin taku biyar daga wanda aka auna. Ke nan hanya ɗaya ce sojan ke da ita ta ceton tsohon, ya tashi daga maɓoyarsa ya taka zuwa bakin bindigar da ke ɗure da albarushi.

Mu koma. Saura daƙiƙa arba'in.

"Baba, sallama dai. Kada ka juyo da sauri."

Tsohon bai motsa ba. "Wane ne?"

"Ɗanka ne, soja. Don Allah ka aje bindigar."

"Yaro, in na aje ta me zan kai gida?"

Saura talatin. Sojan ya miƙe. Ya tuɓe hular, ya ajiye ta a kan rairayi. Yanzu ba ya ganin jan tabo, ba ya jin ƙirgen, duhu kawai da ƙugin jirgin a sama. Ya fara takawa yana ƙirga taku a zuci, ƙarangiya na kama masa wando.

"Tsaya nan," in ji tsohon, bakin bindigar ya juyo. "Ɗan wane gari ne kai?"

"Tibiri, Baba. Kakana ma mahalbi ne."

"To ka san ba a shiga tsakanin mahalbi da namansa."

"Na sani. Amma abin da ke bisa kanmu bai san ka ba, bai san ni ba. Bari in matso, in ya so ka yi abin da ka ga dama."

Taku goma. Takwas. Tsohon ya ɗaga kai karon farko ya dubi sama, ya ga ƴar jar wuta ta tsaya cak a kansa. Raƙumin dawan ya ji motsi, ya bar cin ganye, ya juya ya nufi kwari a hankali. Taku shida. Sojan ya miƙa hannu babu komai a ciki, ya ƙara taku ɗaya, sai ƙugin jirgin ya canza, ya fara yin sama. Bindigar tsohon har yanzu tana kallon ƙirjinsa, kuma gobe da safe akwai komandan da zai tambaye shi dalilin tuɓe hula a bakin aiki.