Washington Ne Ya Faɗa? To, Ina Isnadinsa?

Wataƙila ka taɓa cin karo da irin hoton nan a Facebook ko WhatsApp: wani dattijon Bature mai farin gashi, a ƙarƙashinsa an rubuta magana mai daɗin ji, an ce George Washington ne, shugaban Amurka na farko. Wadda ta fi yawo ita ce wai ba zai yiwu a mulki duniya yadda ya kamata ba sai da Allah da Baibul.

An bi wasiƙun Washington da jawabansa, ba a same ta ba. Masu kula da gidansa na Mount Vernon, wanda yanzu gidan tarihi ne, sun saka ta cikin jerin maganganun da aka jingina masa. Abin da ya ɗan yi kama da ita yana cikin wani littafin tarihin rayuwarsa na 1835, shekara 36 bayan mutuwarsa, kuma ko a can babu zancen Baibul.

Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san matani daban, isnadi daban. Magana tana iya yin kyau, amma wa ya ji, daga bakin wa, yaushe? Da wannan ma'aunin za mu auna sauran.

Me ya sa ake wahalar ƙirƙira? Amurkawa sun daɗe suna jayayya: ƙasarsu a kan Kiristanci aka kafa ta, ko gwamnati ba ruwanta da addini? Kowane ɓangare yana so a ga kakannin ƙasar a layinsa, domin hatta alƙalai kan koma ga nufin waɗanda suka rubuta tsarin mulki.

Ga Patrick Henry, ɗan Virginia, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin Amurka. Ana cewa ya ce Kiristoci ne suka kafa ƙasar, a kan bisharar Yesu Almasihu. Henry ya mutu a 1799. Maganar kuwa a wata mujalla ta 1956 ta fito, kalaman marubucin ne yana sharhi a kansa, daga baya aka ɗauke su aka sa a bakin mamaci. James Madison, shugaban Amurka na huɗu, shi ma an ɗora masa cewa makomar Amurka ta rataya a kan bin Dokoki Goma na Annabi Musa. Masanan da ke tattara takardunsa a Jami'ar Virginia sun ce ba su ga wannan ba. Duk da haka, a 2024 da jihar Louisiana ta yi dokar liƙa Dokoki Goma a ajujuwan makarantun gwamnati, sai ga maganar nan cikin rubutun dokar kanta, da sunan Madison.

Kada ka ce ɓangare ɗaya ne ke wannan aiki. Masu adawa da addini suna da tasu dabarar, ta yanke magana a tsakiya. Sukan kawo John Adams, shugaba na biyu, yana cewa da babu addini da duniya ta fi kowace duniya daɗi. Ya rubuta haka kuwa, a wasiƙarsa ta Afrilun 1817 ga Thomas Jefferson, shugaba na uku. Amma karanta gaba kaɗan. Cewa ya yi sau da yawa ya kusa furta hakan saboda abin da yake karantawa, sai dai da ya furta da ya zama mai tsattsauran ra'ayi, domin ba don addini ba da duniya ta zama Jahannama. Tamkar wanda ya karanta "bone ya tabbata ga masallata" ya rufe littafi ke nan. A ganina wannan ta fi ƙirƙira haɗari, tunda in ka je dubawa za ka tarar da kalmomin a wurin.

Akwai ingantattu, ba shakka. Katangar da Jefferson ya ce ta raba coci da gwamnati tana cikin wasiƙarsa ta 1 ga Janairun 1802 ga Kiristoci 'yan ɗariƙar Baptis na garin Danbury. Mai son tantancewa ya shiga Founders Online, rumbun da hukumar adana takardun tarihin Amurka ta buɗe a 2013, ya rubuta kalmomin da Turanci, ya ga ko za su fito da kwanan wata da sunan wanda aka aika wa.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ta haɗa da Tarabulus ta Libiya, garin da a da fatake kan taso daga cikinsa su keta Sahara zuwa Kano. Ana yaɗa cewa Washington, wasu su ce Adams, ya ce gwamnatin Amurka ba a kan addinin Kirista aka kafa ta ba ko kaɗan. Kalmomin na gaske ne, amma ba bakin ɗayansu ba ne. Sashe na 11 ne na yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da mahukuntan Tarabulus a 1796, wanda ya ƙara da cewa Amurka ba ta gaba da addinin Musulmi ko dokokinsu. Majalisar dattawa ta amince da ita a Yunin 1797 ba tare da ƙuri'ar ƙi ko ɗaya ba, Adams ya sa hannu.

Sai a 1930 wani masanin Larabci ɗan Holan, Snouck Hurgronje, ya duba kwafin Larabcin. A gurbin sashe na 11 bai tarar da waɗannan kalmomi ba. Wasiƙa ce kawai daga mai mulkin Aljiyas zuwa ga Basha, wato mai mulkin Tarabulus. Abin da sanatoci suka ji aka karanta musu, suka kuma amince da shi, fassarar Turanci ce ta jakadan Amurka Joel Barlow.