Tsohon Agogon Ƙarfe da Abin da Masu Tarawa Ke Nema a Jikinsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Agogon da kuke gani a tafin hannun nan ya fito ne daga adakar wani dattijo a cikin birnin Katsina, an naɗe shi a ƙyalle tare da tasbaha da tsofaffin takardun aikin hajji. Ba shi da batir, kuma ya shekara da shekaru ba a ɗaura shi ba, amma da aka ɗan kaɗa shi sai ya tashi yana bugawa. Ba banza Bahaushe ya yi masa kirari da agogo sarkin aiki ba. Irinsa ne masu tara agogo a duniya suke bi kasuwa-kasuwa suna nema, wato na ƙarfe marar tsatsa da aka ƙera tsakanin 1940 da 1970.

Me ya sa ƙarfe, alhali ga na zinariya? A shekarar 1913 ne Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a garin Sheffield na Ingila, amma sai a shekarun 1930 maƙeran agogo na Suwizalan suka rungume shi sosai, domin yana da tauri, kuma sassaƙa shi ya fi na zinariya wahala. Wannan taurin ne ya zama alherinsa daga baya. Zinariya tana da laushi, tana lotsewa, kuma da yawa daga cikin gidajen agogon zinariya an narkar da su lokacin da masu su suka shiga matsi, shi kuwa ƙarfe babu mai narkar da shi don ya sayar. Akwai kuma manyan kamfanonin da ba kasafai suke saka injinsu mai tsada a gidan ƙarfe ba, sai ƙarancin ya zama daraja. Samfuri mai lamba 1518 na kamfanin Patek Philippe guda huɗu kacal aka sani na ƙarfe, kuma a 2016 an yi gwanjon ɗaya a Jeniba a kan faran miliyan 11 na kuɗin Suwizalan.

Sai dai ba duk agogo mai ƙyalli ne na ƙarfe ba, kuma nan ne sabon shiga ya fi yin asara. Ku juya agogon ku karanta bayansa. Idan an rubuta Stainless Steel Back, ko da Faransanci Fond Acier Inoxydable, to murfin baya ne kaɗai ƙarfe, sauran jikin tagulla ne da aka shafa wa farin ruwa mai ƙyalli. A zafin bazara irin namu, gumi yana cinye wannan shafen har gefen agogon ya yi ramuka ya koma ɗorawa-ɗorawa, kuma babu gyaran da zai mayar da shi yadda yake. Wanda aka rubuta wa All Stainless Steel, ko tsohon tambarin Staybrite a kan gida na ƙarfe zalla, shi ne abin nema.

Zamanin da muke magana a kansa ya fitar da sunaye manya. A 1945 kamfanoni 12 suka ƙera wa sojojin Birtaniya agogo bisa tsari guda, ciki har da Omega da Longines da Cyma. Omega ta fito da Seamaster a 1948, Rolex ta fito da Submariner a 1953, sannan Speedmaster da Omega ta fitar a 1957 ya kai har duniyar wata a 1969. A watan Disamba na wannan shekarar ce Seiko ta Japan ta fara sayar da Astron mai batir, wanda ya buɗe ƙofar da ta durƙusar da kamfanonin Suwizalan masu yawa. A ganina, mai farawa a nan Katsina bai kamata ya sa ransa a kan waɗancan manyan sunaye ba, domin jabunsu sun fi na gaskensu yawa. Ya nemi irin su West End da Roamer da Enicar da Favre-Leuba, da kuma Seiko 5 da ya fara fitowa a 1963. Agogo yana cikin tsarabar da alhazai suka daɗe suna kawowa daga Makka, saboda haka ya fara tambaya a gida kafin ya nufi teburin masu gyara a kasuwa.

Darajar tsohon agogo tana ga kasancewarsa yadda ya fito daga masana'anta, kuma wannan ya saɓa wa abin da muka saba da shi, domin mu idan abu ya tsufa so muke a goge shi ya yi fes. Idan aka sa agogo a injin gogewa, kaifin gefunansa da na ƙahonnin nan huɗu da ake maƙala maɗauri yana tafiya, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Haka fuskarsa. Fuskar da ta koma ruwan madara saboda tsufa ta fi wadda aka sake wa fenti daraja nesa ba kusa ba, kuma ana gane sabon fenti ta kaurin rubutu da rashin daidaiton haruffa idan aka duba da madubin mai gyara. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a cire injin asali a jefar, a dasa na batir don a huta da wana shi. Wanda ya yi haka ya bar wa 'ya'yansa kwanso ne kawai.

Ku sa a buɗe muku murfin baya kafin ku biya. Sunan da ke kan injin ya dace da na fuska, kuma kada a ga tsatsa. Jajayen ɗigon da ke ciki yakutu ne na haɗi, galibi guda 17, waɗanda ke rage gugar sassa, ƙaramar ƙafar da ke kai-komo kuwa a yawancin agogunan wancan lokaci tana bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a daƙiƙa. Kada ƙanƙantar agogon ta sa ku zaci na mata ne, domin milimita 33 zuwa 36 shi ne faɗin agogon maza a lokacin.

Akwai gargaɗin da ya shafi lafiya. Har zuwa farkon shekarun 1960 ana shafa wa lambobi da hannayen agogo sinadarin radiyam don su haska da dare, kuma ko da hasken ya mutu sinadarin yana nan da ƙarfinsa, domin sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Kada a kankare shi, kada a hura ƙurarsa, kada a bar yara su yi wasa da agogon da gilashinsa ya fashe.

Robar da ke hana ruwa shiga ta daɗe da bushewa, ko me aka rubuta a bayan agogon, don haka a cire shi kafin alwala, a kuma kiyaye shi daga ruwan damina. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da busasshen mai sai ta riƙa cin sassan injin kamar yashi, shi ya sa ake kai shi wanki da sabon mai kusan duk shekara biyar, a wurin mai gyaran da ke da man agogo na ainihi, ba man keken ɗinki ba. A nisanta shi da lasifika, saboda maganaɗisu yana sa shi gudu.

Mu koma kan na adakar nan. Seiko ne, kuma kamfanin yana buga lamba a murfin baya: ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata. Tasa ta fara da 8 sannan 3, fasalinsa kuma na shekarun 1960 ne, ke nan a watan Maris na 1968 aka ƙera shi. Gobe za a kai shi wanki, kuma an riga an gaya wa mai gyaran kada ya taɓa fuskar.